Western United da komawa Tarneit: ƙaramin fili ne ya kayar da su, ko dama a faɗe suke?

Dan_Werribee
Salamu alaikum 'yan zaure. Na san yawancinku Firimiya da La Liga kawai kuke bi, amma ga wata magana daga nan Melbourne da nake so a tattauna. Akwai kulob mai suna Western United. A watan Afrilun 2024 suka tattara nasu ya nasu suka bar manyan filayen da suke haya, irin su AAMI Park mai cin mutum 30,000 a tsakiyar birni, suka koma wani ɗan fili mai ɗaukar 5,000 a Tarneit, can bayan gari ta yamma, inda sababbin gidaje ke tsirowa kullum. Wasansu na farko a can suka lallasa Macarthur da ci 4-2, aka yi ta shewa wai an tare a gida. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba, a watan Agustan 2025, hukumar ƙwallon Ostireliya ta ƙwace lasisinsu, aka fara kakar 2025-26 babu su. Yanzu mutane na ta cewa komawa ƙaramin fili a bayan gari ce ta kashe su. Ni kuwa na ce a duk tarihin kulob ɗin, wannan ƙaurar ita ce abu guda da suka yi daidai, illa dai sun makara. Me kuka gani?

SaiMasuGida
Wa alaikumus salam. Dama ana buga ƙwallo a Ostireliya? Na ɗauka sai tseren dabbar nan mai aljihu a ciki.

Dan_Werribee
Ana bugawa mana, Oga. Sai dai ita ce 'yar bora. A jihar Victoria wasan da ke da gata shi ne ƙwallonsu ta gargajiya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai. Wannan ma yana cikin abin da ya wahalar da Western United, zan zo kansa.

MalamLissafi
Ɗan'uwa, kafin a yi nisa a fara da lissafi. Fili mai cin 5,000, ko da kowane wasa ya cika maƙil, wasannin gida a kaka guda ba su wuce 13 ba. Ka ninka, ka gani. Da wannan kuɗin ƙofar za ka biya albashin ƙwararrun 'yan wasa, da na ƙungiyar mata, da makarantar yara, da kuɗin jirgi zuwa Perth da Wellington? Ai wanda ya koma fili irin wannan ya riga ya sa wa kansa rufin da ba zai iya miƙewa tsaye a ƙarƙashinsa ba. Ko ya yi nasara ko bai yi ba, kuɗin shigarsa yana da iyaka.

Dan_Werribee
Malam, da a ce suna cika AAMI Park ne suka baro, da na bi ka. Ba sa cikawa. In ba wasan hamayya da maƙwabtansu Melbourne Victory ko Melbourne City ba, 'yan dubbai ƙalilan ne ke zuwa, su watse a cikin kujeru 30,000, a talabijin sai ka ga kamar atisaye ake yi. Ga kuɗin haya, ga masu gadi, ga ma'aikatan ƙofa, duk na babban fili, mutane kuma na ƙaramin fili. Wanne ya fi asara?

Kuma bari in ba da tarihin don waɗanda ba su sani ba. A watan Disambar 2018 aka ba su gurbi a A-League, babbar gasar lig ta ƙasar, tare da Macarthur na Sydney. Abin da ya sa suka doke sauran masu nema, har da tsohon kulob mai tarihi irin South Melbourne, shi ne alkawarin cewa za su gina filinsu na kansu mai cin 15,000 a Tarneit. Suka fara wasa a kakar 2019-20, ba fili. Sai suka shiga yawo. Yau suna Geelong, kilomita kusan 75 daga Melbourne, gobe Ballarat, fiye da kilomita 100, wataran Whitten Oval a Footscray, har tsallaka teku suka yi zuwa tsibirin Tasmania, Launceston da Hobart, duk da sunan wasan gida. Yawancin filayen nan kuma masu siffar ƙwai ne, ɗan kallo yana can nesa da layi, sai ya ƙanƙance ido kafin ya gane lambar riga. Shekara kusan biyar a haka. Wa zai zama magoyin bayan kulob ɗin da bai san inda zai same shi ranar Asabar ba?

Bakatsine_FC
To filin 15,000 ɗin fa? An gina?

Dan_Werribee
Ba a gina ba. Wanda suka koma ɗin, Ironbark Fields, asalinsa wurin atisaye ne da ƙaramar hukumar Wyndham, wadda Tarneit ke ƙarƙashinta, ta gina, aka ƙara masa kujerun wucin gadi don ya karɓi wasan gasa.

Bakatsine_FC
Ashe ma ba ƙaura suka yi ba, rakuɓewa suka yi a ɗakin soro kafin a gina gidan.

Maman_Ikram
Sannunku. Ni a Truganina nake, maƙwabciyar Tarneit, kuma mun sha zuwa filin nan da yara. Masu lissafi su yi ta lissafinsu, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Wurin a tsakiyar fili fetal yake, busasshiyar ciyawa ta ko'ina, daga nesa kana hango rufin sababbin gidaje jere iri ɗaya. Iska kuwa ba a magana, in da yamma ne sai ka riƙe mayafi da hannu biyu, ko da lokacin zafi ne ina sa wa yara rigar sanyi a jaka. Amma kusancin! Kana jin koci yana yi wa ɗan wasa tsawa, kana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo. Bayan an tashi 'yan wasan su zo bakin shinge su sa hannu a rigunan yara. Ɗana namiji, wanda da bai san kowa ba sai Salah, ya koma ba ya cire rigar nan mai kore da baƙi sai an yi da gaske za a wanke. A babban filin cikin gari ba zan ɗebi yara uku in shiga jirgin ƙasa da daddare ba. Nan kuwa minti kaɗan ne a mota.

MalamLissafi
Hajiya, na ji daɗin bayaninki, amma kin faɗi kalmar da nake jira: "a mota". Wanda ba shi da mota fa?

Maman_Ikram
Gaskiya ne Malam, nan ɗin akwai matsala. Akwai tashar jirgin ƙasa a Tarneit, tun 2015 aka buɗe ta, amma daga can zuwa filin ba tafiyar ƙafa ba ce. Kuma hanyoyin yankin nan dama a cushe suke, gidaje sun riga tituna zuwa. Da safe in ba ka fita da wuri ba, ka kwana a layi.

Injiniya_Kd
To ga inda gizo ke saƙar. Masu irin wannan shiri suna kallon ƙidaya ne kawai. Wyndham tana da mutum kusan 217,000 a ƙidayar 2016, zuwa 2021 sun haura 290,000. Tarneit kaɗai ta wuce 56,000. Sai a ce kai, ga kasuwa nan. Amma su waye mutanen? Matasan ma'aurata ne da suka ci bashin banki suka sayi gida, miji na aiki mata na aiki, kowa ya dawo a gajiye bayan doguwar tafiya. Kaso mai yawa 'yan asalin Indiya ne, waɗanda wasan kurket ne a jininsu. Wanda yake son ƙwallon ƙafa a cikinsu kuma, da wuya ka same shi ba shi da kulob tun tuni, ko Victory da ke nan tun 2005, ko wata ƙungiyar Ingila da yake tashi da tsakar dare ya kalla. Yawan kai ba shi ne yawan magoya baya ba. Yaran da Hajiya ke magana a kai su ne magoya bayan gaskiya, amma sai nan da shekara 10 ko 15 za su fara sayen tikiti da kuɗin aljihunsu. Tambayar ita ce wa zai riƙe kulob ɗin kafin su girma.

Alhaji_Chicago
Injiniya ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu nan mun ga wannan fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. Chicago Fire sun bar Soldier Field a bakin tafki suka koma Bridgeview a bayan gari a 2006, fili mai cin kusan 20,000, sabo fil, an gina shi don ƙwallon ƙafa kawai. Da farko kowa na yabo. Amma jirgin cikin gari ba ya kaiwa can, sai ka sauka ka nemi bas, ko ka yi ta fama da cunkoso. A hankali matasan cikin gari suka janye jiki. Ƙarshenta kulob ɗin ya amince ya biya fiye da dala miliyan 60 don ya warware yarjejeniyar hayar, ya dawo Soldier Field a 2020. Ka ji fa, biya suka yi don su gudu daga filin da aka gina dominsu. Yanzu ma sabon filin da mai kulob ɗin, Joe Mansueto, ya ce zai gina, a cikin gari ne, ba bayan gari ba. Saboda haka ɗan Werribee, ina girmama ra'ayinka, amma ƙwallo 'yar cikin gari ce.

Texas_Aboki
Alhaji, a yi adalci dai. Ka kawo Chicago ka bar Dallas. FC Dallas sun bar Cotton Bowl suka koma Frisco a bayan garin Dallas a 2005, fili mai cin kusan 20,000. A shekarar 2000 mutanen Frisco ba su kai 34,000 ba, a 2020 sun wuce 200,000. Kulob ɗin yana nan daram, kuma makarantarsu ce ta fitar da Weston McKennie da Ricardo Pepi. Suma sun yi shekaru ana musu dariyar kujeru babu kowa, amma gari ya zo ya same su. Bambancin shi ne Bridgeview tsohuwar unguwa ce da ta gama girmanta, Frisco kuwa tana kan tashe. Tarneit ta fi kama da Frisco.

Alhaji_Chicago
Ta fi kama da Frisco a yawan jama'a, na yarda. A aljihun masu kulob fa? Iyalan Hunt ne ke da FC Dallas, masu tsohon arzikin man fetur, su ne kuma masu Kansas City Chiefs ta ƙwallon Amurka. Za su iya yin asara shekara 20 suna murmushi. Su na Melbourne ɗin wa ke bayansu?

MalamLissafi
Madalla, Alhaji, ka kawo mu gida. Wannan ita ce maganar, ba girman fili ba. Yadda aka tsara abin tun farko, ƙaramar hukuma ta ba da ƙasa, kamfanin da ke da kulob ɗin ya gina gidaje da shaguna a kewaye, ribar da aka samu a gina filin wasa da ita. Wato ƙwallon tana jingine ne da kasuwar filaye. Duk wanda ya taɓa sayen fuloti a awon igiya a bayan Kano ya san labarin: dillali zai nuna maka daji ya ce nan titi zai bi, nan makaranta, nan kasuwa, kai dai ka biya. Wani lokaci gari ya iso ka ci riba, wani lokaci ka shekara goma kana kai ziyara wa turakun siminti. To su korona ta faɗo musu a kakarsu ta farko, Melbourne ta sha kulle na fiye da kwana 260 in aka haɗa, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, daga 2022 kuɗin ruwa na banki ya fara hawa. A 2024 kuma hukumar gasar ta zaftare kason da take ba kowane kulob, daga kusan dala miliyan 2 na ƙasarsu zuwa kimanin rabin miliyan. Kafin a ƙwace lasisin an riga an yi ta jin albashi na makara, FIFA ta hana su rajistar sababbin 'yan wasa, ga bashin haraji har gaban kotu. Masu zuba jarin da aka ce za su saye kulob ɗin ma cinikin bai faɗa ba. A cikin duk wannan ina laifin kujera 5,000?

Dan_Werribee
To Malam ai ka dawo layina ke nan.

MalamLissafi
Ban dawo ba. Na ce ƙaramin filin bai kashe su ba, ban ce zai iya raya su ba. Maganata ta farko tana nan.

Juve_Har_Abada
Ku ƙyale ni in sa baki, don an taɓo gidanmu ko da ba a ambaci suna ba. Duk mai cewa rage girman fili koma baya ne, ya je ya tambayi Juventus. Delle Alpi da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 1990 yana cin kusan 69,000, ga hanyar tsere ta raba 'yan kallo da fili, sanyi kamar firji, rabin kujeru babu kowa. Aka rushe shi aka gina mai cin kusan 41,000 a 2011. Me ya biyo baya? Kofin Serie A tara a jere, daga 2012 zuwa 2020. Fili ƙarami cike ya fi ƙato wayam, ko a kunne ko a aljihu.

Gunner_Fagge
Kai ɗan Juve, a daidai inda tsohon yake aka gina sabon, ba wanda ya canza motar da yake hawa. Kuma Juventus tun 1897 take. Kana haɗa ta da kulob ɗin da ko yaye shi ba a gama yi ba. In misali kake nema na ƙaura, ga Wimbledon da aka ɗauke aka kai Milton Keynes a 2003, magoya baya suka ce ba da mu ba, suka kafa tasu tun daga ƙasa, har suka dawo unguwarsu ta asali, Plough Lane, a 2020.

Juve_Har_Abada
Ɗan Arsenal ne zai yi mana wa'azin ƙaura? Ku da kuka tsallako kogi daga Woolwich zuwa Highbury a 1913 kuka zauna wa Tottenham a ƙofar gida?

Gunner_Fagge
Kuma ga shi ta karɓe mu. Cikin jama'a muka shiga, kusa da tashar jirgi, ba daji muka nufa ba.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan batu. Rigimar Landan tana da nata zauren.

SaiMasuGida
Tunda an ce a dawo, ni bari in kawo ta inda na fi sani. Ku ɗauka wani ya tashi gobe ya ce Pillars ta bar Ƙofar Mata, a gina mata ɗan fili mai kyau a wajen Janguza ko bayan Mariri, tunda can gari yake tafiya. Wallahi ranar sai an ji kanmu. Filin Sani Abacha ba don kyansa muke sonsa ba. Ɗan kasuwar Kwari ya rufe shago ya tako da ƙafa, na Sabon Gari ya hau adaidaita, na cikin Badala ya ratso lungu. Kafin la'asar wuri ya ɗinke, mai gyaɗa da mai rake da mai ruwan leda kowa na ciniki. Daga 2003 zuwa 2015 ba wanda ya zo ya ci mu wasan lig a gida. Kuna tsammani ciyawar ce ke buga mana? Kuma mun ɗanɗana zaman haya, mun yi Kaduna, an kai mu Abuja a 2022, a shekarar muka faɗa ƙaramin rukuni. Saboda haka abin da ɗan Werribee ya faɗa na yawon shekara biyar, na fahimce shi sarai. Kulob ɗin da ba shi da unguwa maraya ne.

Bakatsine_FC
Oga, ka faɗi an kai ku Abuja, ba ka faɗi dalili ba. Mu da aka farfasa wa mota muna sane.

SaiMasuGida
Wancan ya wuce, maƙwabci. Ai mun biya.

Yar_Rijiyar_Zaki
Yaya SaiMasuGida, kana magana ne a matsayin wanda ke zaune kusa. Mu da ke wannan ɓangaren, ƙannena ba su taɓa shiga filin Ƙofar Mata ba, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi kuɗin shiga, ga tsoron rigima in an tashi. Gidan kallo suke zuwa su ga Madrid. In da akwai ƙaramin fili a kusa, mai tsaro, inda mace za ta zauna ba a takura mata ba, da yaran nan sun san sunayen 'yan wasan gida. Abin da Maman Ikram ta faɗa ya shige ni. Ba dole sai Pillars ta tashi ba, amma mutanen bayan gari ma mutane ne, kuma yanzu sun fi na cikin ganuwa yawa.

Injiniya_Kd
Ƙanwata, ai akwai hanya ta tsakiya, kuma a Melbourne ɗin ma an bi ta. Melbourne City sun kai sansanin atisayensu da makarantar yara Casey Fields, can kudu maso gabas, wani yankin da shi ma yake cika da sababbin gidaje, amma manyan wasanninsu suna nan a AAMI Park. Yaran unguwa suna ganin 'yan wasa a kusa, ranar wasa kuma kowa ya hau jirgi ya shigo gari. Sai dai kada a manta masu Manchester City ne ke da su, kuɗi ba ya musu ciwo.

Ijebu_Hausa
Ina karantawa tun ɗazu ina jira wani ya ambaci Remo Stars, shiru. Ga misali a gida Najeriya. Ikenne ƙaramin gari ne a jihar Ogun, filinsu bai fi cin 'yan dubbai ba, amma nasu ne, ga makarantar yara a haɗe. Mai kulob ɗin, Kunle Soname, ya zuba kuɗinsa a hankali, a 2025 suka ɗauki kofin lig. Manyan kulob na gwamnatocin jihohi masu filaye na mutum dubu ashirin da talatin suna kallo. Ƙaramin fili ba ya hana cin kofi.

Dan_Werribee
Cin kofi ai Western United ma sun ci, shi ne abin takaicin. A watan Mayun 2022, ƙarƙashin koci John Aloisi, suka fitar da Victory a kusa da na ƙarshe, suka doke Melbourne City 2-0 a wasan ƙarshe, a kakarsu ta uku kacal. Sun kawo Diamanti ɗan Italiya, sun kawo Berisha. Ko a kakarsu ta ƙarshe a Tarneit na uku suka ƙare a tebur, da yara matasa da yawa. A cikin fili ba su gaza ba. Amma kofin 2022 ɗin a ina aka ɗaga shi? A AAMI Park, gidan abokan hamayyarsu. Ka yi tunanin da a ce tun 2019 suna Tarneit, ko da a fili mai kujerun katako ne, yaron da ya fara zuwa yana ɗan shekara 8 zuwa 2025 ya kai 14, kofin nan kuma a unguwarsu aka zagaya da shi. Shi ya sa na ce makara suka yi.

Dogon_Zinder
Ina gaishe ku daga Damagaram. Ni tambaya gare ni ga mutanen Ostireliya. In kulob ya faɗi haka, ba ya sauka rukuni na biyu ya sake hawowa? Don mu a nan in ƙungiya ta rasa kuɗi tana sauka ne, ba ta ɓacewa.

Dan_Werribee
Babu hawa da sauka a A-League, Malam Dogo. Gurbi ne ake ba ka da lasisi. In lasisin ya tafi, ba inda za ka gangara. An taɓa yi a baya, North Queensland Fury da Gold Coast United duk an cire su daga gasar a 2011 da 2012. Su Western United abin da aka sanar a watan Satumbar 2025 shi ne an jingine su na kaka guda, aka saki 'yan wasan kowa ya nemi wani kulob.

MalamLissafi
Ka lura da sunayen da ka ambata kuwa? Gold Coast ma wuri ne da aka ce jama'a na ta ƙaruwa, kasuwa ce sabuwa. Sau nawa za a gwada abu ɗaya?

Texas_Aboki
Har sai an samu mai haƙuri da aljihu, Malam. Frisco ba ta ginu rana ɗaya ba.

Maman_Ikram
Ni dai abin da na sani, ranar da labarin ya fito ɗana ya dawo daga makaranta ya tambaye ni ko yanzu sai ya koma Victory. Na ce masa ya bari tukuna. Babansa kuma ya ce dama shi bai taɓa yarda da kulob ɗin da ke canza gida kamar ɗan gudun haya ba, ya dawo Liverpool kawai a huta. Har yanzu ba su shirya ba a kan maganar. Akwai iyaye da yawa a unguwar nan da yaransu ke makarantar kulob ɗin, su abin ya fi dama, don wasunsu sun tsara duk satinsu a kan kai yaro atisaye.

Alhaji_Chicago
Allah sarki. Hajiya, a gaya wa yaron ya riƙe rigarsa. Amma ɗan Werribee, har yanzu ba ka amsa mini ba. In da sun tare a Tarneit tun 2019 kamar yadda kake so, ba titi, ba jirgi, gidajen ma ba su kai na yanzu ba, wa zai zo? Kuma hukumar gasar za ta yarda sabon kulob ya fara a fili mai kujerun katako, alhali da alkawarin 15,000 ya karɓi gurbin?

Dan_Werribee
Ta biyun ita ce mai wuya, Alhaji. Da sun faɗi gaskiya tun farko cewa 5,000 za su iya, mai yiwuwa da South Melbourne ko masu nema daga kudu maso gabashin Melbourne aka ba gurbin. Ta farkon kuwa, mutanen da suka bi su har Ballarat da Hobart ai za su zo Tarneit.

Gunner_Fagge
Su nawa ne suka bi su Hobart ɗin?

SaiMasuGida
Kai dai bari. Ni a bar mana Ƙofar Mata inda take, a gyara mana banɗaki da fitilu kawai. Yar_Rijiyar_Zaki, ki turo ƙannen naki wasan gida mai zuwa, ni zan tsaya musu a ƙofa, kuɗin adaidaita ma a kaina.

Yar_Rijiyar_Zaki
Na gode Yaya. Su huɗu ne fa, kuma ƙaramin ba ya zama sai da tsire.